Matsattsiyar Iska Ko Iskar Kabon? Labarin Bindigar Fenti a Ƙasar Faransa

Shirin kimiyya na wannan mako zai yi magana ne a kan wani wasa da samari su ke yi a filayen bayan garin Faris da na Liyon, cikin ƙasar Faransa, watau wasan harbin fenti. Akan raba 'yan wasa ƙungiya biyu, kowa ya rufe fuskarsa da abin kariya mai tabarau, ya riƙe wata bindiga wadda ba ta cin albarushi. Harsashinta ɗan ƙwallo ne, girmansa kamar babbar magarya, nauyinsa giram 3. Ɓawonsa irin na kafson asibiti ne, cikinsa kuwa ruwan launi ne mai wankuwa. Duk wanda ƙwallon ya fashe a jikinsa ya fita daga wasa ke nan.

Iska ce ke tura wannan ƙwallo, daga wata kwalabar ƙarfe da a ke ɗaura wa bindigar. Iskar kuwa iri biyu ce. Akwai iskar kabon-dayoksaid, wadda mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, ita ce kuma ke sa lemon kwalaba kumfa. Akwai kuma iskar sarari da kowa ke shaƙa, wadda a ke matsawa da inji a dura cikin kwalaba. Duk wanda ya shiga wasan sai ya zaɓi ɗaya. Mai ji zai ce ai wannan zancen kasuwa ne kawai, amma amsarsa tana cikin binciken da masana suka yi a Faris da Liyon tun kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. Amsar kuma ta shafi duk wanda ke da tukunyar gas a gida, ko tulun kashe gobara a mota.

Asalin bindigar ba don wasa aka yi ta ba. Wani kamfanin fenti na Amurka, mai suna Nelson, shi ya fito da ita domin ma'aikatan daji su riƙa sa wa itatuwa alama daga nesa, makiyaya kuma su sa wa shanu. Cikin watan Yuni na 1981 waɗansu abokai su goma sha biyu suka ɗauki irin waɗannan bindigogi suka shiga wani daji a jihar New Hampshire suka yi wasan farko. Bindigoginsu da iskar kabon su ke aiki, daga 'yar ƙaramar kwalaba mai ɗaukar giram 12. Daga can wasan ya ƙetaro Turai. Matsattsiyar iska ba ta yaɗu cikinsa ba sai a shekarun 1990.

Kafin a auna iskar biyu, ya kamata a san abin da a ke nema gare su. Ƙa'idar wasan ita ce kada gudun ƙwallon ya wuce ƙafa 300 cikin daƙiƙa ɗaya, watau kimanin mita 90. In ya gaza da yawa, ƙwallon ya faɗi a hanya, ko ya bugi mutum bai fashe ba. In ya zarce, ya fasa fata, ya kuma wuce abin da aka shirya tabarau zai jure, ido kuwa ba shi da canji. Saboda haka kowane filin kirki yana da na'urar auna gudun ƙwallo, ba a shiga sai an gwada bindiga a kanta. Hukumar Faransa ma ba ta ɗauki abin da wasa ba, gama dokarta ta sa irin waɗannan bindigogi cikin jerin makamai, ba a kuwa sayar da su ga yaro. Ashe abin da a ke nema ga iskar shi ne ta tura ƙwallo da ƙarfi iri ɗaya, na farko da na ɗari, da hantsi da la'asar.

Ƙarfin turin ya dogara ne ga matsin iskar. Domin sauƙin lissafi, za a auna shi da matsin iskar sararin da ke kewaye da kowa. Tayar mota tana ɗauke da kimanin ninki 2 bisa wannan. Bindigar fenti irin ta da tana bukatar wajen ninki 55.

To, iskar kabon tana da wani hali na ban mamaki. In aka matsa ta ƙwarai, ba cikin zafi ba, sai ta koma ruwa. Michael Faraday ya nuna haka a London cikin 1823, amma ɗan kaɗan ya samu cikin bututun gilashi. Wanda ya fara samun ta da yawa shi ne wani Bafaranshe mazaunin Faris, mai suna Thilorier. Ya ƙera manyan tukwane na baƙin ƙarfe masu murfi, yana haɗa wani gishiri mai kama da kanwa da ruwan asid a ciki, iskar da ta taso ta rasa mafita har ta matse kanta ta zama ruwa. Cikin 1835 ya buɗe bakin tukunyar, ruwan ya feso waje da ƙarfi, sai ga wani farin abu kamar auduga ya taru. Wannan ita ce busasshiyar ƙanƙara, wadda sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selshiyas, ba ta kuwa narkewa ta zama ruwa, sai dai ta bi iska.

Wannan ilmi bai samu a banza ba. A ƙarshen Disamba na 1840, ana shirin nuna wa ɗalibai wannan aiki a Makarantar Haɗa Magunguna ta Faris, sai tukunyar ta fashe. Ƙarfen ya ragargaza ƙafafun mataimakin malamin, wani saurayi mai suna Osmin Hervy, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Tun daga lokacin maƙera suka gane baƙin ƙarfe mai tsagewa bai dace da wannan aiki ba.

Abin da ke cikin kwalabar bindigar fenti shi ne abin da ke cikin tukunyar Thilorier: ruwan kabon a ƙasa, iskarsa a sama. In aka harba, iska kaɗan ta fita, sai ruwan ya tafasa nan take ya mayar da gurbinta. Amfanin wannan babba ne, domin ruwa ba ya cin wuri kamar iska. Kwalaba mai ɗaukar ɗan fiye da rabin kilo takan ba da harbi wajen 800 zuwa 1,000, ba ta kuma bukatar wata na'ura mai tsada. Amma ga inda matsalar ta ke. Muddin akwai sauran ruwa a ciki, ba yawansa ne ke yanke matsin ba, zafin gari ne. A digiri sifiri matsin ninki 35 ne. A digiri 20 ya kai 57. A digiri 30 ya kai 72.

A ɗauki birnin Liyon misali. Da safiyar watan Janairu sanyi yakan sauko kusa da sifiri. Da azahar ɗin watan Yuli kuwa zafi yakan kai digiri 28. Ke nan kwalaba ɗaya, bindiga ɗaya, fili ɗaya, amma matsin bazara ya kusa ninka na hunturu. Wanda ya daidaita bindigarsa da sanyin safiya ta wuce gwaji lafiya, in rana ta take tana iya wuce ƙa'ida bai sani ba. Wanda kuma ya daidaita ta cikin ɗaki mai ɗumi, in ya fita fili cikin sanyi sai ya ga ƙwallonsa yana zuba a gabansa.

Akwai kuma wata illa ta biyu. Duk ruwan da zai zama iska sai ya sha zafi daga abin da ke kusa da shi. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi, domin wanda ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi. Haka ruwan kabon ya ke. In ɗan wasa ya yi ta harbi ba ƙaƙƙautawa, kwalabar takan yi sanyi har raɓa ta daskare a jikinta, matsin ya faɗi, kowane ƙwallo ya gaza na gabansa. In kuma ya karkata bakin bindigar ƙasa, ruwan kansa na iya kwararowa cikinta. Sa'an nan sai a ga farin hayaƙi ya fito, ƙwallon ya tashi da gudun da ya wuce kima, robobin da ke toshe kafofin bindigar kuma su ƙage don sanyi, su fara yoyo.

Illa ta uku ita ta fi shafar ƙasashe masu zafi, tushen saninta kuwa a Faris ya ke. Cikin 1822 wani masani, Cagniard de la Tour, ya zuba ruwan sinadari cikin bututun bindiga, ya jefa ɗan dutse a ciki, ya toshe, ya yi ta gasa shi yana jujjuyawa yana saurare. Da farko yana jin dutsen na faɗawa cikin ruwa. Da zafi ya kai wani matsayi sai ƙarar ta sāke, alamar babu sauran iyaka tsakanin ruwan da tururinsa. Cikin 1869 Thomas Andrews na birnin Belfast ya auna wannan matsayi ga iskar kabon, ya tarar digiri 31 ne. In zafi ya wuce nan, kome matsin da aka yi mata ba ta zama ruwa. Cikakkiyar kwalaba ta zama cike ke nan da wani abu mai kauri wanda ba shi da wurin buɗawa, matsinsa kuwa sai ya riƙa hawa da sauri. A digiri 40 ya haura ninki 100. Faransa kanta ta fara ganin irin wannan zafi, domin a ran 25 ga Yuli na 2019 ya kai digiri 42.6 a Faris, cikin Agusta na 2023 kuma ya wuce 41 a Liyon.

Faransawa sun daɗe da gwada wannan iska a bindiga. Wajen 1889 Paul Giffard ya fito da wata bindiga mai aiki da ruwan kabon, aka ƙera ta a garin Saint-Étienne, garin maƙeran bindiga da ke kudu maso yammacin Liyon. Kwalabar tana ƙarƙashin bututun, ana harbi da yawa ba hayaƙin albarushi, ba ƙara mai yawa. Jaridu suka yi ta yayata ta, amma soja ba su karɓe ta ba, gama ƙarfinta bai kusanci na sabon albarushi marar hayaƙi da Faransa ta samu cikin 1884 ba. Ta ƙare a hannun masu harbin nishaɗi. Ita ce kakar bindigar fenti.

Yanzu sai a juya ga iska ta biyu. Babu birnin da ya san matsattsiyar iska kamar Faris. Tun 1866 gidan waya ke tura wasiƙu da ita cikin bututu a ƙarƙashin ƙasa, ba a daina ba sai 1984. Daga wajen 1880 kuma wani injiniya mai suna Victor Popp ya shimfiɗa bututun da ke kai iska ga agogunan tituna, kowane minti ɗaya iska ta tura hannunsu gaba. Daga baya aka riƙa sayar da ita ga masu sana'a kamar yadda a ke sayar da ruwan famfo, har zuwa 1994. Babban gidan injinan da aka gina a bakin kogin Sen cikin 1891 yana nan tsaye, ya zama makarantar koyon zanen gine-gine.

Bambancin iskar sarari da ta kabon shi ne, ita ba ta zama ruwa a zafin duniya, sai an sanyaya ta ƙasa da digiri 140 ƙarƙashin sifiri. Cikin kwalaba iska ce tun daga baki har gindi. Ba abin da zai tafasa, ba abin da zai kwararo cikin bindiga. Zafi yana taɓa ta, amma kaɗan: daga sifiri zuwa digiri 30 matsinta yakan ƙaru da kimanin kashi 11 cikin 100, alhali na kabon ya ninka. Sai dai da ya ke ba ta taƙaita kanta, dole a dura ta da matsi mai tsanani kafin ta wadatar. Kwalabar alminiyam takan ɗauki ninki 200, wadda aka naɗe da zaren kabon kuwa ninki 300.

Sanin halin iska a irin wannan matsi, aikin wani shehun malami ne na Liyon, Émile Amagat. Tun ƙarni na 17 Boyle a Ingila da Mariotte a Faransa sun nuna cewa in aka ninka matsi, wurin da iska ke ci yakan ragu da rabi. Amagat ya so ya ga ko wannan ƙa'ida tana tsayawa in matsi ya yi yawa. Ma'aunin da ya fi gaskiya a zamaninsa shi ne dogon bututu cike da zaiba, domin tsawon santimita 76 na zaiba daidai ya ke da matsin iskar sarari. Da dogayen wuraren Liyon suka gaza masa, sai ya tafi wani ramin haƙar kwal kusa da Saint-Étienne, ya saukar da bututun ƙarfe mai tsawon mita 327, ya sami matsi ninki 430. Ya tarar cewa in matsi ya yi tsanani iska takan yi taurin kai, ba ta matsuwa kamar yadda lissafin da ya nuna. Ɗan wasan yau yana ganin wannan a aljihunsa. Kwalabar ninki 300 ya kamata ta fi ta ninki 200 da rabi, amma abin da ta fi ta bai wuce kashi 40 cikin 100 ba.

Saura matsala ɗaya. Ba a sakar wa bindiga ninki 300, za ta tarwatse. Kuma matsin yana raguwa da kowane harbi. Maganin wannan ita ce na'urar daidaita matsi, irin wadda a ke ɗaura wa bakin tukunyar gas. Cikinta akwai ɗan murfi da sifirin. In matsin da ke gefen bindiga ya ragu, sifirin ya buɗe ƙofa iska ta shigo. In ya kai adadin da aka tsara, ƙofar ta rufe. Wanda ya shahara da kyautata irin wannan na'ura shi ne Émile Gagnan, injiniyan kamfanin Air Liquide na Faris. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da man fetur ya yi wuya, ya ƙera ta domin motoci masu aiki da gas. Sai wani hafsan jiragen ruwa, Jacques Cousteau, ya ga za ta yi wa masu nutso amfani, suka gwada ta a kogin Marne cikin Janairu na 1943. Injin da ke cika kwalaben masu nutso a yau, irinsa ne ke cika na 'yan wasan fenti. Da wannan na'ura, ko kwalaba tana cike ko ta kusa ƙarewa, ko Janairu ne ko Yuli, abin da ke isa bindiga kusan ɗaya ne.

To, wacce za a zaɓa? Iskar kabon ta fi araha wajen sayen kwalaba, tana kuma samuwa duk inda a ke cika tulun kashe gobara ko a ke yin lemo. Ga mai tsohuwar bindiga marar lantarki, wanda ke wasa jefi-jefi cikin matsakaicin yanayi, tana iya isarsa. Amma ba ya sanin abin da ya rage a kwalabarsa sai ya ɗora ta a sikeli, domin agogon matsi ba ya motsi sai ruwan ya ƙare. Matsattsiyar iska ta fi tsada da farko, ƙaramar kwalabar alminiyam kuma ba ta wuce harbi wajen 500 ba. Injin cika ta yana da tsada ƙwarai, injin mai faci kuwa ba ya ko kusantar matsin da a ke bukata. Amma agogonta yana faɗin gaskiya, harbinta ba ya canzawa, bindigogin zamani masu lantarki kuma ruwan kabon yana lalata su. Don haka 'yan gasa suka koma gare ta, yawancin filaye ma suka bi sahu, domin mai fili in ya sayi injin sau ɗaya, iskar Allah ba a biyan kuɗinta.

Ga masu sauraro na ƙasar Hausa hukuncin ya fi sauƙi. A Kano da safiyar hunturu sanyi yakan sauko wajen digiri 13, matsin kabon kusan ninki 50. Cikin watan Afrilu kuwa a Sakkwato da Maraɗi zafi yakan kai digiri 40, watau ya wuce iyakar da Andrews ya auna da nisa. Kwanaki da yawa cikin shekara, abin da ke cikin kwalabar ba ruwa ba ne, ba kuwa iskar da aka saba ba. Duk mai niyyar buɗe filin wannan wasa a arewa, kamar yadda a ke da su a Abuja da Legas, ya sa kuɗin injin matsa iska cikin lissafinsa tun farko. Araha ba ta ado.

Kowacce aka zaɓa, akwai ƙa'idodin da ba a ketarewa. Kwalabar kabon da sikeli a ke cika ta, ba a wuce nauyin da aka rubuta a jikinta, domin sararin da aka bari a sama shi ne wurin da ruwan zai buɗa in ya ji zafi. A wuyanta akwai wani ɗan faifan ƙarfe siriri wanda aka yi shi don ya fashe kafin kwalabar ta fashe. Wanda ya toshe gurbinsa da ƙusa ya haƙa wa kansa rami. Ba a barin kwalaba a rana, balle cikin rufaffiyar mota, inda zafi ke iya wuce digiri 60. Ba a sa wa bakin kwalabar matsattsiyar iska mai ko giris, gama mai in ya gamu da irin wannan matsi yana iya kamawa da wuta. Ba a kuwa dura mata iskar oksijin ta masu walda ko ta asibiti, ko kusa. Kowace kwalaba tana da kwanan wata a jikinta, akan kai ta gwaji yawanci bayan shekara biyar biyar.

Waɗannan ƙa'idodi ba na 'yan wasa kaɗai ba ne. Tukunyar gas ɗin girki ma ruwa ne a cikinta, shi ya sa a ke sayar da shi da kilo, shi ya sa kuma jikinta ke yin raɓa in an daɗe ana girki. Ita ma cika ta maƙil haɗari ne, ajiye ta a rana ko kusa da murhu haɗari ne. Tulun kashe gobara mai baƙin baki kamar ƙaho, ruwan kabon ne a ciki, irin na Thilorier, sikeli ne kuma kaɗai ke nuna ko yana cike. Mai gida da direba da mai shago, kowa ya duba inda ya ajiye nasa. In mutum ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

Nan shirin wannan mako ya tsaya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda. A huta lafiya.